Bayan Kafaɗa

Baba Hamajoda ya rasu da damina,
ya bar mini akwatin ƙarfe mai warin maganin wanke hoto.
Makulli ya ɓace tun yana da rai,
sai da na aro guduma wurin maƙeri.
Da murfin ya ɗaga, ga Garwa kwance,
fari da baƙi,
gara ta ɗanɗana mata gefe ta bar saura.

Ba wanda ya taɓa biyansa don ya ɗauki bango.
Fuska ake saye, dala ashirin, a dawo jibi.
Amma wanda ya sauko daga jirgin ruwa,
da wanda ya sayar da auduga ya ɗinka riga,
da ɗan makarantar da ya ci jarrabawa,
duk wuri ɗaya suke tsayawa:
jikin siton gyaɗa na bakin Binuwai,
inda Jatau mai fenti ya zana garin
a shekarar da ba wanda ya rubuta.

Siton nan yau babu shi.
Shagunan gyaran waya ne guda bakwai,
da mai wankin babur.

Sai na shimfiɗa tabarma, na kashe fanka,
na danne kowane hoto da tsakuwa.
Kunnen dorina ya leƙo ta bayan hular wani soja.
Wutsiyarta na samu bayan sati biyu
ƙarƙashin gwiwar hannun wani tela
da ya hana kansa dariya don haƙorinsa ɗaya ya fita.
Ga bakin kwalekwale, ga rabin giginya,
ga gada mai ƙafa uku, ba ta kai tsallake ba,
wato Jatau ya riga magina gamawa.
Ga wani layi mai duhu daidai ƙugu,
wannan ba fenti ba ne,
kogi ne ya zo da kansa ya sa hannu.
Kafin layin, mata na ɗaurin ture-ka-ga-tsiya,
bayansa an koma wani yayi.
Da haka nake ƙirga shekaru.

Wata huɗu ina haɗa bango da bango.
Dama ta cika, hagu ta cika,
har shamuwar da ke sama na kamo ta a hotuna uku.
Tsakiya ce ta ƙi.
Ko'ina na duba, mutum ne tsaye a kanta,
ya gyara wuya, ya ƙura wa Baba ido.

Na shiga gari da tambaya.
Wanzami ya rantse zaki ne.
Wani tsohon direba ya ce motar gwamna,
har lambarta ya karanto mini.
Liman ya ce bai taɓa kallo ba,
sannan ya ce kamar dai akwai wata.

Inna Jaratu, wadda ta soya kifi shekara talatin
a inuwar wannan bango,
ta kai hoton kusa da idonta mai gani,
ta daɗe, har na zaci barci ya ɗauke ta.
Ta ce, "Shuɗi ne kawai, 'yar nan.
Mun yi masa tsiya, mun ce fenti ya ƙare masa.
Ya ce a'a, nan wurin mai zuwa ne."
Ta miƙo mini, da tabon mai a gefe,
ta ce wannan yarinyar mai takalmin aro
ai uwarki ce, ba ki gane ba?

Ban gane ba.
Sau nawa na ɗaga ta ina neman ƙafar gada.

Daren nan na buɗe littafin da nake lissafi.
Dorina, ɗaya. Kwalekwale, biyu. Giginya, biyar.
Da na zo layin tsakiya
na ajiye biro, na koma tabarma,
na fara ƙirga su da yatsa, ina kallon kowa a ido.
Ɗari biyu da shida.
Na san sunan goma sha ɗaya.
Gobe zan koma kasuwa da sauran.